Sabuwar ɗari biyar a jakar Islamiyya

A Katsina in aka ce maka ka yi hattara da maƙwabci, abin da ke fara zuwa ranka shi ne infoma, mai kai wa 'yan bindiga rahoto. Tun da aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, kunnen kowa ya koma daji. Baƙo in ya kama haya a unguwa, tambayar maza ba ta wuce daga wane gari ya taso, wa ya tsaya mashi, ko yana sayen burodi da fetur da katin waya fiye da ƙima. In ya tsallake waɗannan, to ya zama ɗan gari. Namu maƙwabcin ya tsallake su duka, har da yabo a kai.

Muna zaune a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin bayan ganuwa, ta wajen Ƙofar Ƙaura. Ba zan faɗi sunan layin ba, ba kuma zan faɗi sunan kowa ba. Maigidana direban babbar mota ne, yana ɗaukar shanu daga kasuwar Mai'aduwa zuwa kudu, saboda haka kwanansa a hanya ya fi kwanansa a gida. Ɗiyanmu huɗu. Babbarsu mace ce, lokacin tana da shekara tara.

Mutumin ya tare a gidan da ke manne da namu bayan daminar 2022. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai tsafta, kullum cikin farar shadda. Ya ce ritaya ya yi daga aiki a kudu, iyalinsa na wani gari za su biyo shi. Har ya bar unguwar ba mu ga iyalin ba. Yana zuwa ya kafa sola a kan rufi, ya ajiye firji da talabijin a ɗakin soro, ya sayi na'urar POS. Famfon masallaci da ya daɗe a lalace shi ya biya aka gyara. Sahun farko ba ya wuce shi. Kowa Alhaji yake ce mashi, yara kuma Baba Alhaji.

Wanda bai zauna irin unguwarmu ba sai na yi mashi bayani. Mu mata ba mu cika fita ba sai da dalili. Niƙa, cefane, cajin waya, karɓo bashi, kai kuɗin adashi, duk yaro ne. An kuma raine mu a kan cewa ɗa na kowa ne: babba in ya aike ka, ka ajiye abin da ke hannunka ka tafi, in ka dawo gida ka ce wane ya aike ni, sai a sa maka albarka. Yaron da ya ƙi aiken babba, uwarsa ake zagi. Haka aka yi mana, haka muka yi wa namu.

Sai ga canjin kuɗi a farkon 2023. Wanda ya ga wannan lokaci ba ya buƙatar tuni. Tsofaffin takardun 200 da 500 da 1,000 an ce a mayar banki, sababbin kuma ba su a hannun kowa. Mutum da kuɗinsa a asusu amma ya rasa na sayen tumatir. Maza na kwana a layin ATM. Shi kuwa Alhaji, ban san ta inda yake samu ba, bai taɓa rasa tsabar kuɗi ba, kuma ladan da yake cira bai kai na masu POS na bakin titi ba. Maigida sai ya tura mashi ta waya daga hanya, ni kuma in aiki yarinya ta karɓo. Duk layin haka ake yi. Azumi ya kama a ƙarshen Maris cikin tsananin zafi, ga rashin wuta, sai ƙanƙararsa ta ƙara jawo yara. Daga la'asar ƙofar gidansa kamar an tashi makaranta.

Abin da ya fara tsaya mani a rai ƙanƙane ne, in na faɗa wa wani dariya zai yi. In na aiki ƙanen babbar 'yata, kafin in juya ya dawo da kuɗin. In na aike ta, sai ta daɗe. In tambaye ta, ta ce Baba Alhaji ya ce babu netwok, ta shigo ta jira. To lokacin da gaske netwok na wahala, kowa ya sani. Amma netwok ɗin da ke zuwa wa maza ya ƙi zuwa wa mata, wannan ban taɓa jin irinsa ba.

Na biyu, sunan da yake kiranta da shi. Amaryata. A al'adarmu kaka na wasa da jikarsa haka, ya ce matata, ta ce ba ta son tsoho, a yi dariya. Amma wannan ba kakanta ba ne, ko dangin nesa ba mu haɗa ba. Na uku, hawan rufi. Kullum da yamma sai ya hau wai yana share ƙurar sola, kuma daga can tsakar gidanmu a fili take. Lokacin ne nake yi wa yara wanka kafin shan ruwa. Rannan na ɗaga kai muka haɗa ido. Bai kau da kai ba, bai yi gyaran murya irin ta namijin da ya tsinci kansa yana kallon gidan wani ba. Murmushi ya yi, ya ce, "Sannu da aiki, uwar amarya." Daga ranar na mayar da wankan yara cikin bayi, na rataya tsohuwar tabarma a igiyar shanya.

Duk wannan ban faɗa wa kowa ba, don me zan ce? An kira 'yarki amarya? An hau rufi?

Wata Alhamis, da yake babu Islamiyya, na zazzage jakarta zan wanke. Cikin littafin Ahalari, tsakanin shafuka, sai ga sabuwar ɗari biyar, ko lanƙwasa ba a yi mata ba. A wannan watan ni kaina in na riƙe sabuwar ɗari biyar sai na juya ta gaba da baya. Jikina ya yi sanyi, na zauna a kan turmi da takardar a hannu.

Ita 'yar fari ce. Ban taɓa kiran sunanta ba, a gaban mutane ba na nuna na damu da ita, hira irin ta uwa da ɗiya kuwa sai dai da ƙannenta. Kunyar ɗan fari ce, da ita na tashi, uwata ma haka ta yi wa yayana. Na san in na tsare ta ido cikin ido na ce wa ya ba ki wannan, kuka za ta fashe da shi, daga nan ba zan ƙara jin komai ba. Sai na ce ta zo in tsefe mata kai. Ta zauna tsakanin ƙafafuna ta ba ni baya, na ɗauki tsinke da man kitso. Sai da na ci rabin kai ina ta zancen ɗinkin Salla, sannan na ce, kamar abin bai dame ni ba, "Ashe Baba Alhaji har kuɗin Salla ya fara rabawa?"

Na ji wuyanta ya ƙage a hannuna. Ta yi shiru. Na ci gaba da tsifa.

Can ta ce, "Ya ce in na faɗa maki za ki doke ni."

Na ce, "Na doke ki yanzu?"

Ta ce a'a. Daga nan maganar ta riƙa fitowa kaɗan-kaɗan, tana wasa da bakin zanenta. Ya kan kunna masu katun, ya sallami sauran ya ce ita ta tsaya. Ya tambaye ta yaushe babanta ke dawowa, wane ɗaki suke kwana, ko ina kulle ƙofa in zan je tarawihi. Ranar da ya ba ta kuɗin ya riƙe mata hannu ya ƙi saki, sai da ƙanenta ya leƙo yana kiranta. Ya kuma ce ta zo ita kaɗai da dare in mata sun tafi masallaci, akwai abin da ya ajiye mata, kuma wannan sirrinsu ne su biyu.

Na gama kitson nan, ban san irin wanda na yi ba. Na ce mata ba ta yi laifin komai ba, na maimaita. Da dare na kai ta wurin gwaggona wadda ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, suka shiga ɗaki su biyu. Da suka fito gwaggo ta ce mani, "Ki gode wa Allah, bai kai ga komai ba. Amma hanya yake sharewa." Ta ce a shekarun da ta yi a asibiti, yaran da aka kawo mata da irin wannan ta'asa, da wuya ka ji an ce baƙo ne daga nesa. Mai shago ne, ko ɗan haya, ko wani na gida. Ta tuna mani Hanifa ta Kano, 'yar shekara biyar, wadda mai makarantarsu ya sace a watan Disamba na 2021 ya kashe, kotu ta yanke mashi hukuncin kisa a Yulin 2022. Yarinyar ta bi shi ne don ta san shi.

Na kira maigida yana can wajen Lokoja. Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ya ce zai kira ƙannensa yanzu-yanzu su je su fito da mutumin. Na ce, "Malam, don girman Allah kada ka yi." Na san garinmu. Ihu ɗaya za a yi, kauraye su taru, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba ya ɗauko dutse. In aka kashe mutum a ƙofar gidanmu, ƙannensa ne za su ƙare a gidan yari, sunan 'yarmu kuma ya zaga Katsina da ƙarin gishirin da ba a yi ba. Ni ba jini nake nema ba. So nake yarana su fita ƙofar gida in kwanta hankali kwance. Da ƙyar ya haƙura ya ce in kira yayana.

Yayana malamin firamare ne, mai sanyin hali. Ya sa na rubuta duk abin da yarinyar ta faɗa da kalmominta, da ranar, na ajiye takardar kuɗin yadda take. Ya ce jihar nan na da dokar kare yara tun 2020, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, ta ƙasa kuma tun 2003 take, amma kowace hukuma aka je hujja za ta nema, kuma maganar yarinya ɗaya a kan dattijo mai farin jini ba ta da nauyi a idon mutane. Ya ce, "Ki bincika a hankali. In halinsa ne, ba a kanta ya fara ba."

A nan na ga abin da har yau yake ci mani rai fiye da mutumin kansa. Na riƙa shiga gidajen layin bayan shan ruwa, da sunan barka da shan ruwa, ina jefa maganar a hankali. Wata ta ce ita ma 'yarta ta zo da alawa da ɗan kunne, ta ɗauka kyautar azumi ce. Wata, mai 'yan biyu, ta dafe ƙirji ta ce babbar 'yarta ta yi makonni tana ƙin zuwa karɓo ƙanƙara, har ta zane ta a kan ƙiwar aike. Ta kira yarinyar a gabana, yarinyar ta kasa magana sai hawaye. Wata kuwa cewa ta yi, "Haba maman yara, mutumin da ya rufa mana asiri lokacin da banki ya gagara? Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya." Amma wadda ta fi tsaya mani ita ce wata dattijuwa da nake ganin girmanta. Ta ja ni gefe, cikin tausayi na gaske, ta ce, "Ɗiyata, ki rufa wa yarinyar nan asiri. Mace ce, gobe aure za ta yi. In magana ta fita ba za a ce an so a taɓa ta ba, cewa za a yi an taɓa ta. Ki hana ta zuwa kawai ki yi shiru."

Ba ƙarya ta yi ba, haka mutanenmu suke. Kuma irin mutumin nan ya san haka sarai, da shi yake taƙama. Kowace uwa ta janye tata ta yi shiru, shi kuma ya matsa kan ta gaba. Mai 'yan biyu ta zane 'yarta, ni na rataya tabarma, waccan ta karɓi ɗan kunne ta yi godiya, kowa a ɗakinta, katanga ɗaya tsakaninmu. Da ban shiga gidajen nan ba, da har yau kowace na ganin ita kaɗai ce mai mugun zato.

Mu uku muka yarda za mu yi magana. Bayan Salla maigida ya dawo, aka kai wa mai unguwa. Ya yi hikima, bai tara jama'a ba. A zaurensa aka zauna bayan isha'i: shi, da liman, da mazajenmu, da yayana, da mai gidan hayar. Mu mata muna daga ciki bayan labule tare da uwargidansa da tsohuwar malamar Islamiyyarmu. Yaran ba a kawo su ba, wannan sharaɗina ne. Yayana ya karanta abin da aka rubuta, ya ajiye ɗari biyar ɗin a kan tabarma.

Aka kira Alhaji. Ina hangensa ta gefen labule. Da farko dariya ya yi, ya ce wasa da yara ne, shi mutum ne mai son yara, nasa sun yi nisa. Da aka zo maganar dare da sirri sai ya fashe da kuka, ya ce ya haifi wadda ta haifi kamar su, ya ja Allah ya isa. Wallahi ni kaina sai da zuciyata ta raurawa. Liman ya yi gyaran murya ya kawo ayar Suratul Hujurati da ta hana yawan zato, ya kawo hadisin da Mala'ika Jibrilu ya yi ta wasiyya da maƙwabci har Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zaci za a ba shi gado. Na ga magana za ta koma a ba Alhaji haƙuri.

Sai malama ta ɗaga murya daga bayan labule. Ta ce, "Allah gafarta Malam, a ƙara da ɗayan. Wanda Annabi ya rantse sau uku cewa bai yi imani ba, aka ce wa, ya ce wanda maƙwabcinsa bai aminta daga sharrinsa ba. Yaran nan su ma maƙwabta ne. Kuma ni tambaya ɗaya gare ni. Wace kyauta ce ta alheri ake ce wa yaro kada ya faɗa wa uwarsa?"

Zauren ya yi tsit. Alhaji bai amsa ba, sai share ido yake da bakin babbar riga.

Mai unguwa ya yanke cewa daga ranar ba yaron da zai ƙara taka cikin gidan, mace ko namiji. In zai yi POS ya fitar da tebur bakin titi. Hawan rufi sai ya yi sallama an ba shi izini, kuma da safe. Ya ce shi da kansa zai sanar da hakimi da 'yan sanda don maganar ta zama a rubuce. Mai gidan haya bai ce komai ba a wurin, amma daga baya ya aiko cewa in kuɗin shekara ya ƙare ba zai sabunta ba.

Watannin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Maganar ta fita, kamar yadda dattijuwa ta faɗa, duk da dai ba da sunan yara ba. Wasu maza suka ce mata sun haɗa wa bawan Allah sharri saboda hassada. Akwai gidan da har yau in na yi sallama ciki-ciki ake amsawa. Shi kuma ya daina gaishe mu, sai dai ya kafa kujera a ƙofar gidansa daidai lokacin tashi daga Islamiyya, carbi a hannu, yana bin yara da ido ɗaya bayan ɗaya. Ba ya cewa komai, ba abin da za ka kai ƙara a kai. In maigida na hanya, barcina rabi ne, motsin kyanwa a kan kwano sai in tashi zaune. Muka ci bashi aka ƙara wa katanga tsawo, ga kaya sun yi tsada bayan cire tallafin mai. Mu ukun nan muka raba kwanaki, kullum mace ɗaya ta sa hijabi ta raka yaran layin makaranta ta kuma ɗauko su. Daga baya har waɗanda suka zage mu suka riƙa turo nasu cikin ayarin, ba tare da sun ce komai ba. Mu ma ba mu ce ba.

A gida kuma na canja abin da aka gada. Na tara su huɗun na ce daga yau duk babban da ya aike ku, ku ce bari in faɗa wa Mama tukuna. Wanda ya ce ku shigo ciki, ku ce daga nan ma ya isa. Wanda ya ba ku abu, ku kawo in gani, ba zan karɓe ba, ba zan doke ku ba. Wanda ya ce kada ku faɗa mani, to shi za ku fara faɗa mani. Har gwaji muka riƙa yi, ni ce Baba wane, su kuma suna amsawa suna dariya. Surukata da ta zo daga Rimi ta ga autana ya ce wa wani dattijon layin bari ya tambayo Mama, ranta ya ɓaci ƙwarai. Ta ce ina koya wa jikokinta fitsara, a zamaninsu yaro ba ya da ta cewa. Na durƙusa na ce, "Inna, ki yi haƙuri, su gaishe shi, su ɗaukar mashi kaya, amma shiga ɗaki da aiken da ban sani ba na hana." Ba ta gamsu ba. Ɗanta ne ya ce mata shi ya ba da umarnin, sannan ta bar maganar.

Kunyar 'yar fari kuwa, a gaban mutane tana nan yadda take. Amma kitsonta na hana kowa, ni nake yi duk mako, kuma a nan nake jin labarin makaranta da na hanya da wanda ya ce mata me.

Kafin ƙarshen daminar 2023 ya kwashe kayansa da asuba a motar akori-kura, bai yi wa kowa sallama ba. Mata suka shigo yi mani barka. Ni kuwa tambayar da na fara yi ita ce ina ya koma. Yaron da ya taya shi lodi ya ce wata unguwa ce ta wajen hanyar Jibiya. Na matsa wa yayana sai da ya je ya sami mai unguwar can ya ba shi labari, da lambar wayar namu mai unguwar don ya tabbatar. Mai unguwar can ya saurara, ya ce ya ji, za a sa ido.

Akwai wata da muka yi makarantar Islamiyya tare tana aure a can. Na nemi lambarta na kira ta, na kwatanta mata shi. Ta ce ai ta san shi, dattijon kirki mai sola, ya kafa teburin POS kusa da makarantar firamare, har ya saya wa masallacinsu tabarmi. 'Ya'yanta mata uku ne. Na ce ta ba ni lokaci in gaya mata komai tun daga farko, ta ce bari ta sauke tukunya ta kira ni. Ta kira, muka yi magana har katinta ya ƙare na sake kiranta. Ta ce gobe da safe za ta fara da gidan da ke kallon nasa.